John Hunter: Likitan da ya bi diddigin daskarewar jini da tsirowar sababbin jijiyoyi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mayanka, ko ya ga wanzami yana zubar da abin da ya taru a ƙaho, ya san cewa jini ba ya jimawa a waje sai ya daskare ya zama guda. Haka yake yi a bakin rauni, kuma da wannan ne jiki ke tsayar da zubarsa. To amma ina gudan yake tafiya idan rauni ya warke? Kuma ta yaya sabon naman da ya cike wurin ke samun jijiyoyin da za su ciyar da shi?

Ɗaya daga cikin mutanen farko da suka ɗauki waɗannan tambayoyi da gaske shi ne John Hunter, likitan fiɗa ɗan ƙasar Sikotland, wanda Turawa ke ɗauka a matsayin uban tiyatar zamani. Ya rayu daga 1728 zuwa 1793, wato zamanin da fataken Hausa ke kai da komo a hanyar Gwanja neman goro. Yana da shekara 26 aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kuma rasu shekara 11 kafin jihadin 1804.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Hunter a watan Fabrairun 1728 a wata gona da ake kira Long Calderwood, kusa da birnin Glasgow. Shi ne auta cikin 'ya'ya goma. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 13, kuma a daidai wannan lokaci ya yi sallama da makaranta. Yaro ne da ba ya shiri da littafi ko kaɗan. Abin da ya fi so shi ne yawo a daji yana kallon tsuntsaye da ƙwari, yana damun manya da tambayoyin da ba su da amsarsu. Ya ɗan taɓa aikin kafinta a wurin mijin yayarsa a Glasgow, nan ma bai zauna ba.

A 1748, yana da shekara 20 kuma babu sana'a a hannu, ya tafi Landan wurin wansa William Hunter, wanda ya girme shi da shekara goma, ya kuma buɗe makarantar koyar da sassan jikin ɗan Adam. Da William ya ba shi wuƙa ya gwada shi, sai ya ga ai hannun ƙanen nasa ya fi na ɗaliban da suka daɗe a wurin.

A lokacin aikin fiɗa bai da wata daraja a Ingila. Shekara uku kacal kafin zuwansa, a 1745, likitocin fiɗa na Landan suka raba ƙungiya da masu aski, domin a da tafiyarsu ɗaya, kamar dai yadda wanzami a wajenmu ke haɗa aski da ƙaho da kaciya. Babu allurar kashe zafi, babu wanda ya san ƙwayoyin cuta. Sai dai a danne mutum a yanka, wanda ya yi kwana ya tashi.

Shekara 12 Hunter ya yi yana feɗe gawa a makarantar wansa, yana kuma koyon tiyata a wurin manyan likitoci biyu, William Cheselden da Percivall Pott. An tura shi jami'ar Oxford a 1755 ko zai zama mutumin boko, bai fi 'yan watanni ba ya tattara ya koma ɗakin gawa.

Darasin fagen yaƙi

A 1760 ya shiga soja a matsayin likita. Ya bi rundunar Birtaniya zuwa tsibirin Belle Île na Faransa a 1761, daga nan ya wuce Fotugal, ya dawo gida a 1763.

Al'adar likitocin soja a lokacin ita ce su ƙara buɗe raunin harsashi da wuƙa, su cusa yatsa ko ƙarfe su laluba har sai sun ciro shi. A Belle Île Hunter ya ga wasu sojojin Faransa ƙalilan da aka harba, suka ɓuya a wani gidan gona kwana huɗu ba tare da likita ya taɓa su ba, kuma raunukansu suka warke lafiya, alhali da yawa daga waɗanda aka tona wa rauni sun ruɓe. Daga nan ya riƙe ra'ayin da ya zauna a kai har ƙarshen ransa: jiki na da nasa tsarin gyaran kai, kuma wajibi ne likita ya san wannan tsarin kafin ya sa wuƙa.

Bayan dawowarsa sunansa ya riƙa tashi. A 1767 aka zaɓe shi cikin ƙungiyar masana ta Royal Society, a 1768 ya zama likitan fiɗa a asibitin St George's, a 1776 aka sa shi cikin likitocin Sarki George na Uku, sannan a 1790 ya zama babban likitan fiɗa na rundunar sojan ƙasar. Ya auri Anne Home, marubuciyar waƙoƙi, a 1771, suka haifi 'ya'ya huɗu, biyu suka rayu har girma.

Jinin da ya ƙi daskarewa

Hunter ya yi imani cewa jini abu ne mai rai, kuma daskarewarsa aiki ne da yake yi da manufa. Mutanen zamaninsa da yawa na ganin sanyi ko rashin motsi ne kawai ke daskarar da shi. Shi kuwa ya lura cewa akwai gawarwakin da idan aka buɗe su ake tarar da jininsu ruwa tsululu: wanda aradu ta faɗa wa, wanda ya mutu farat ɗaya, da dabbar da aka kora da gudu har ta faɗi matacciya. Wani likitan Italiya, Giovanni Morgagni, shi ma ya ga irin haka kafin shi. Babu ɗayansu da ya san dalili, amma sun bar tambayar a rubuce.

Abu na biyu da ya sa wa ido shi ne abin da ke faruwa cikin rauni. Yana da gwanintar ɗura ruwa mai launi cikin jijiyoyin gawa don ƙananan hanyoyin jini su fito fili. Da wannan dabara ya ga cewa gudan da ya cike rauni, da kuma danƙon da ke manne ɓangarori biyu na yanka, ba sa zama haka nan. Cikin 'yan kwanaki sai a ga siraran jijiyoyi sun ratsa su, wurin ya koma jan nama mai rai. Har haƙorin mutum ya dasa a zankon zakara don ya ga ko jijiyoyin zakaran za su kama shi, kuma wannan kan zakara na cikin kayan da ya bari.

A nan fa ya ɗan kauce, domin ya zaci jijiyoyin na iya samuwa daga cikin gudan jinin kansa. Binciken baya ya nuna cewa tsiro suke yi daga tsofaffin jijiyoyin da ke gefen raunin, kamar yadda reshe ke fita daga itace. Amma ganin da ya yi cewa gudan jini da sabuwar jijiya tafiyarsu ɗaya, wannan kam ya tabbata.

Barewa da mai keken doki

Akwai labarin da ya shahara a bakin waɗanda suka gaje shi. Barewar Turai na zubar da ƙahonta duk shekara, sabo ya tsiro da sauri, kuma yayin da yake tsiro yana da ɗumi saboda yawan jinin da ke gudana a cikinsa. An ce Hunter ya samu izini a gandun Richmond ya ɗaure jijiyar wuyan wata barewa da ke kai jini ga ƙaho ɗaya. Nan take ƙahon ya yi sanyi. Bayan mako ɗaya ko biyu sai aka tarar ya sake ɗumi yana ci gaba da girma. Da aka yanka ta aka duba, ɗaurin na nan daram, amma ƙananan jijiyoyin da ke kewaye sun buɗe sun yi kauri, sun zagaye wurin da aka toshe. Kamar dai gada ta karye a hanyar Bawku zuwa Bolga, masu mota su koma bin ƙananan hanyoyin ƙauye har su zama manya.

Wannan fahimta ce ya kai ɗakin tiyata. A lokacin masu tuƙa keken doki na yawan fama da kumburin babbar jijiyar bayan gwiwa: bangonta ya yi rauni ya hura kamar balan-balan, ranar da ya fashe kuwa sai mutuwa. Magani biyu ake da su, ko a yanke ƙafar, ko a tsaga kumburin a ɗaure jijiyar a daidai inda ta lalace, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa na biyun ba sa tashi.

A watan Disambar 1785 aka kawo masa wani mai keken doki ɗan shekara 45 a asibitin St George's. Hunter bai taɓa kumburin ba. Ya hau sama zuwa cinya, inda jijiyar ke da lafiya, ya ɗaure ta a can. Lissafinsa shi ne jinin da ke cikin kumburin zai lafa ya daskare, jiki ya shanye shi a hankali, ƙananan jijiyoyi kuma su ɗauki nauyin ciyar da ƙafar. Haka kuwa aka yi. Mutumin ya koma bakin aikinsa da ƙafarsa biyu. Da zazzaɓi ya kashe shi bayan wata 15, Hunter ya nemi ƙafar ya duba, ya ga kumburin ya motse kuma jini ya samu wasu hanyoyi. Har gobe ɗaliban likitanci na kiran wannan wuri na cinya da sunan Hunter.

Amsar da ta zo bayan shi

Sai bayan shekara 100 da rasuwarsa, a 1893, wani masani Bafaranshe, Albert Dastre, ya raɗa wa narkewar gudan jini suna. A shekarun 1930 likita Sergei Yudin na Mosko ya riƙa yin ƙarin jini da jinin mutanen da suka yi mutuwar farat ɗaya, saboda ya ga irin wannan jini yakan daskare sannan ya narke da kansa. Zuwa 1945 an gano mai yin aikin, aka kuma sa masa suna.

Ga yadda abin yake, mai karatu. Gudan jini raga ce ta zaren wani furotin mai suna fibirin, wadda ke kama ƙwayoyin jini. A cikin jinin kowa kuma akwai wani furotin, filasminojin, da ke yawo kamar wuƙa a kube. Idan aka zare ta sai ta zama filasmin, ta shiga yanka zaren fibirin. Mai zare ta shi ne wani furotin da ake kira tPA, wanda ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a bangon jijiya ta ciki ke fitarwa. Mutuwar farat ɗaya da matsananciyar wahala na sa tPA ya kwarara da yawa, shi ya sa jinin gawarwakin da Hunter ya gani ya zama ruwa.

To me zai hana wannan wuƙa ta yi ta yanka ko'ina har mutum ya zubar da jininsa duka? Abu biyu ne. Na farko, duk filasmin da ya saki jiki yana yawo cikin jini, akwai furotin mai gadi da ke cafke shi nan da nan. Na biyu, tPA da filasminojin ba sa haɗuwa da sauƙi a tsakiyar ruwan jini, sai an samu wurin da zai zaunar da su kusa da juna. Wurin kuwa shi ne kan zaren fibirin ɗin kansa, ko kuma fatar ƙwayar halitta.

A nan ne furotin na bayan ƙwayar halitta ke shigowa. Ɗaya daga cikinsu shi ne aneksin A2, wanda Katherine Hajjar da abokan aikinta a jami'ar Cornell ta New York suka bayyana aikinsa a shekarun 1990. Shi da abokin tafiyarsa p11 suna zama a bayan ƙwayoyin bangon jijiya, su riƙe tPA a gefe guda, filasminojin a ɗaya gefen. Aikin dillali ke nan a kasuwar shanu: mai saye da mai sayarwa na iya wuni suna wuce juna, amma da dillali ya haɗa su a inuwa ɗaya sai ciniki ya faɗa. Da haka filasmin ke samuwa ninkin-ba-ninkin, kuma a daidai inda ake buƙatarsa, bangon jijiya ya kasance fes babu gudan da ya maƙale.

Wani furotin kuma, uPAR, da aka gano a 1985, yana riƙe da wani mai zare wuƙar a goshin ƙwayar halittar da ke tafiya. Idan nama ya rasa isasshiyar iskar oksijin, kamar a tsakiyar rauni, yakan saki sinadarin kira mai suna VEGF. Ƙwayoyin bangon jijiyar da ke kusa su ji kiran su fara kutsawa, amma gabansu cike yake da fibirin da sauran zaruruwan nama. Filasmin ɗin da ke goshinsu ne ke sare musu hanya, kamar mai adda a gaban ayari, na baya kuma su jeru su zama bututu. Ashe wuƙar da ke narkar da guda ita ce dai ke buɗe wa sabuwar jijiya hanya. A 2004 aka nuna cewa ɓerayen da aka cire wa aneksin A2 fibirin na taruwa a ƙananan jijiyoyinsu, kuma ba sa tsirar da sababbin jijiyoyi yadda ya kamata.

Inda abin ya shafe mu

Idan ma'aunin ya karkata ko ta wane gefe, akwai matsala. Narkewa ta yi kaɗan, guda ya toshe jijiyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa, a samu bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa aka mayar da tPA allura, wadda Amurka ta amince da ita don bugun zuciya a 1987, don shanyewar ɓarin jiki kuma a 1996. Sai dai tana aiki ne cikin 'yan sa'o'in farko kawai, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa.

Narkewa ta yi yawa kuma, jini ya ƙi tsayawa. Haka ke faruwa ga matan da jini ya ɓalle wa bayan haihuwa, abin da ke kan gaba wajen kashe masu jego a duniya. A 1962 wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto, da mijinta Shosuke suka fito da maganin tranexamic acid, wanda ke hana filasminojin kama zaren fibirin, gudan ya samu ya zauna. Wani babban gwaji da aka yi da mata fiye da 20,000 a ƙasashe 21, ciki har da Najeriya, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2017, ya nuna cewa idan aka ba da shi cikin sa'a uku da haihuwa yana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin shawarwarinta a wannan shekarar. Sa'a ukun nan ita ce dalilin da ya sa bai kamata a tsaya jiran gari ya waye ba idan mai jego na zubar da jini.

Manoman yankin Bawku da Yendi da Salaga, da na arewacin Najeriya, sun san kububuwa. Dafinta na sa jiki ya ƙarar da sinadaran daskarewa, mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi da tsofaffin raunuka. Aikin da David Warrell da abokansa suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya yaɗa wani gwaji mai sauƙi: a zuba jinin wanda aka sara a busasshiyar kwalba mai tsabta, a bar shi minti 20. Idan bai daskare ba, dafi ya shiga jini, sai allurar maganin dafi. Tsaga wurin saran da aska a irin wannan hali ƙara buɗe wa jini ƙofa ne kawai.

Ta ɓangaren tsiron jijiya kuwa, a 1971 likita Judah Folkman na Boston ya kawo hujjar cewa ciwon daji ba ya girma sai ya jawo wa kansa sababbin jijiyoyi. A 1994 ɗakin bincikensa ya gano wani sinadari mai hana wannan tsiro, kuma da aka duba sai ga shi gutsuren filasminojin ne. Yau akwai magungunan toshe VEGF da ake amfani da su kan wasu nau'o'in ciwon daji, da kuma idon masu ciwon suga, inda jijiyoyi marasa ƙwari ke tsirowa su zubar da jini su jawo makanta.

Inda aka zarge shi

Tarihin Hunter na da tabo. Yawancin gawarwakin da makarantun Landan ke amfani da su na sata ne daga maƙabarta, kuma ya yi hulɗa da masu tonon kabari shekara da shekaru. Ya kuma yaɗa dashen haƙori, inda ake biyan talaka a cire nasa a dasa wa mai kuɗi. A 1783 wani dogon mutum ɗan Ailan, Charles Byrne, mai tsawon kusan mita 2.3, ya rasu a Landan bayan ya bar wasiyyar a jefa gawarsa a teku don kada likitoci su feɗe ta. Hunter ya ba da kuɗi aka sato masa gawar. Ƙwarangwal ɗin ya shafe kusan ƙarni biyu a baje a gidan tarihi, sai a 2023 aka sanar cewa an daina nuna shi.

A ilimi ma ya yi kuskure babba, domin wani gwaji da ya yi ya sa ya yanke cewa ciwon sanyi da tunjere cuta ɗaya ce, kuma girman sunansa ya sa kuskuren ya daɗe. Ga shi da zafin rai. A 1780 ya yi rigima da wansa William a bainar jama'a kan wanda ya fara gano yadda jini ke gudana a mabiyiya, zumuncinsu bai koma daidai ba har William ya rasu a 1783.

Ɗalibansa kuwa sun ƙaunace shi. Fitacce a cikinsu shi ne Edward Jenner, wanda ya zauna a gidansa daga 1770. A wata wasiƙa kan binciken bushiya, Hunter ya shawarce shi ya rage dogon tunani ya je ya gwada. Jenner ɗin ne ya fito da rigakafin agana a 1796.

Rasuwarsa

Hunter ya yi shekaru yana fama da ciwon ƙirji mai tashi idan ransa ya ɓaci, kuma shi da kansa ya san fushi na iya zama ajalinsa. Ranar 16 ga Oktoban 1793, a taron shugabannin asibitin St George's, gardama ta kaure kan karɓar wasu ɗalibai biyu da yake goyon baya. Ya fita zuwa ɗakin da ke kusa, ya yanke jiki ya faɗi. Yana da shekara 65. Da aka buɗe gawarsa aka tarar jijiyoyin zuciyarsa sun ƙandare.

Babban littafinsa kan jini da kumburi da raunin bindiga ya fito a 1794. Ya bar bashi mai yawa, domin kusan duk abin da ya samu ya tafi wajen tara sassan jikin mutane da dabbobi kusan 14,000. Gwamnatin Birtaniya ta saye su kan fam 15,000 a 1799 ta damƙa wa ƙungiyar likitocin fiɗa. A 1823 surukinsa Everard Home, wanda ake zargi da kwasar binciken marigayin yana bugawa da sunansa, ya ƙone yawancin takardunsa. Abin da ya tsira shi ne wanda mataimakinsa William Clift ya kwafe tun da farko.

A 1859 aka mayar da gawarsa majami'ar Westminster Abbey, inda ake binne manyan ƙasar. Bama-baman Jamus sun lalata kaso mai yawa na kayan da ya tara a watan Mayun 1941, amma fiye da 3,000 na nan a gidan tarihi na Hunterian da ke Landan, wanda aka sake buɗewa a 2023 bayan gyara.